Yarinyar Da Ba Ta Kuka

Sallama gare ku masu karatu. Wannan ne karo na farko da nake rubuta abin da ba malami ne zai duba ba, don haka in kun ga na yi tuntuɓe ku ɗaga ni, kada ku yi dariya da ƙarfi. Abin ne ya cika min ciki, kuma a gidanmu duk wanda zan gaya wa yana da hannu a ciki.

A gida Farfesa ake ce min, kuma ba don girmamawa ba. Ni ce mai ƙona girki saboda littafi, ni ce in aka yi baƙi nake maƙalewa a bayan labule kamar wadda ta ci bashi. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, kundin bincikena kuwa a kan ƙananan yara ne, yadda suke shaƙuwa da masu renonsu.

Sai kuma Mai Tabarau. Yayata ce ta laƙa masa sunan, don a shagonsa na gilashin ido muka haɗu. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, rigarsa kullum a goge kamar takarda. Ranar da ya fara zuwa gida ya ce bai taɓa aure ba, gidansa daga shi sai kujeru. Mama ta so shi tun kafin ya gama cire takalmi. Yanzu manyansa suna son zuwa, Baba kuma ya ce kafin ƙarshen mako in faɗa masa da bakina, e ko a'a, don shi ba zai tara mutane a kan wataƙila ba.

Ina son sa? Ina jin haka. Sai dai ni mutum ce da in abu ya cika kyau nake juya shi in duba ƙasansa.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane yadda karatu ya jawo min.

Da na fara zuwa gidan renon yara da nake bincikena, duk abin da idona ya gani rubutawa nake. Wane ya yi atishawa, wance ta ciji wance, kalar kujeru, har ƙadangaren da ke leƙe ta taga. Na kai wa Dakta, malamar da ke duba aikina, ina jiran yabo. Ta ɗaga shafi biyu, ta kalle ni ta saman gilashinta.

"Wannan ba bincike ba ne, 'yata. Gulma ce mai lambar shafi. A kan wane ra'i kika ɗora aikin?"

"Dakta, na ɗauka in na rubuta komai..."

"Wanda ya kalli komai bai ga komai ba. Ra'i shi ne bayanin da masana suka gina kan yadda abu ke faruwa. Shi zai ce miki kalli nan, bar can. Ba shi, yaro ashirin a ɗaki hayaniya ce kawai."

Haka na koma na zaɓi ra'in shaƙuwa. Abin da yake cewa ba wuya: in kana son sanin wanda yaro ya riƙa a zuciyarsa, kada ka dubi wanda ke saya masa takalmi. Dubi lokaci biyu, sa'ad da aka rabu da sa'ad da aka dawo. Wanda yaron ya amince wa, in ya fita zai nemi ƙofa da ido ko da kuka. In ya dawo zai ruga ya ƙanƙame shi, ya huce a jikinsa, sannan ya sauka ya koma wasa yana waiwayensa.

Da Dakta ta sa hannu ta ce, "Amma ki sani, ra'i rariya ne. Abin da ya tsaya a sama shi za ki kira sakamako. Wanda ya zube ƙasa ba za ki ma san ya zo ba."

Na ce to. Ban ji ba, gaskiya. Murnar sa hannun ce ta toshe min kunne.

Gidan renon ɗaki ne babba mai shuɗin fenti, ƙasa an shimfiɗa tabarmar roba mai haruffa, ƙananan jakunkuna rataye a jikin bango, ko'ina warin hoda da madarar da ta zube. Matar da ke kula da su, kowa Anti yake ce mata, har iyayen yaran. A cikin yaran akwai wata 'yar ƙarama da ba ta kai shekara biyu ba, Anti ta sa mata suna Alƙaliya, saboda yadda take zama a kusurwa tana bin kowa da kallo ba murmushi, kamar tana jiran a kawo shaidu. Ba ta kuka. Ko an ƙwace mata abin wasa, kallon ɓarawon kawai take.

Wata doguwar mata ce ke kawo ta, kullum cikin sauri, katin wurin aiki a wuya, waya a kunne. Ta sauke ta, ta ce "Sai anjima, kin ji?" yarinyar ko waiwaye. Ta dawo da yamma, yarinyar ta miƙa hannu a saka mata jaka, shi ke nan. Na rubuta da ƙarfin gwiwa: shaƙuwa mai rauni tsakanin uwa da 'ya. Har daɗi na ji, Allah Ya yafe min, don na sami misalin da ya dace da littafi.

Ranar Litinin wani ɗan ƙiriniya ya fizge min tabarau ya zauna a kai. Ni kuwa ba gilashi, duniya kamar an shafa mata man shafawa take. Na lalubi waya na kira Mai Tabarau.

"Kada ki damu, akwai irin naki a shago. Kina ina?"

Na faɗa masa sunan gidan renon.

Shiru.

"Kana ji na?"

"Wanne kika ce?"

Na maimaita. Ya ce yana zuwa, amma muryar ta canja, kamar wanda ya taka ƙaya yana ƙoƙarin kada a gane. Da ya iso sai ya kira. "Fito bakin ƙofa ki karɓa."

"Anti ta shiga wanke wani yaro, ni kaɗai ce da su. Kuma in na fito rami zan faɗa. Shigo mana."

Ya daɗe kafin ya shigo. Na ga inuwar doguwar farar riga ta tsaya a gabana, ya ce in ɗago, ya saka min gilashin da hannunsa. Jama'a, abin da na fara gani da sabon idona shi ne Alƙaliya ta saki kofin robar da ke hannunta. Bakinta ya buɗe. Ta miƙe, ta rugo tana tuntuɓe da ƙafafun yara, ta faɗa kan ƙafarsa ta ƙanƙame, ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ya fito daga ƙirjin yaro ba.

Ya yi 'yar dariya. "Yara haka suke da ni."

Bakinsa ke nan. Hannunsa kuwa bai san an yi ƙarya ba. Ya ɗauke ta bai duba ba, ya kwantar da kanta a kafaɗarsa ta hagu, yatsunsa biyu suka tafi bayan kunnenta suna murzawa a hankali. Ita kuma ta cusa hannu cikin wuyan rigarsa ta riƙe. Kukan ya sauka, ya koma ajiyar zuciya. Can ta zame ƙasa, ta ɗauko kofinta, ta fara wasa a gefen takalminsa, tana yi tana ɗago kai ta tabbatar yana nan.

Kamar an buɗe littafina ana karantawa da ƙarfi.

Da zai tafi sai da Anti ta ɓamɓare ta daga jikinsa. Ta bi ƙofa da ihu har muryarta ta dushe.

"Ikon Allah," in ji Anti. "Yau Alƙaliya da kuka? Wane ne wannan?"

"Ba ki taɓa ganinsa ba?"

"Ni? Da na taɓa ganin dogo haka ai da na riƙe."

Na dawo gida na tarar da Mama ta baza yadudduka a kan gado, ɗaya ruwan zuma mai ƙananan furanni, ɗaya kore shar.

"Farfesa, zo ki zaɓa. Tela ta ce in ba a kai gobe ba ba ruwanta."

"Mama, ai ban ba Baba amsa ba."

"Amsa tana fuskarki. In ya kira har kunnenki murmushi yake."

Kafin in zauna saƙon murya ya shigo daga Yaya: "Ke 'yar boko, wallahi in kika tsaya yi wa bawan Allahn nan binciken kimiyya har ya gudu, ni da ke ne. Miji ba kundin digiri ba ne da sai an kai babi na biyar!"

Ban yi dariya ba. Na shiga ɗaki na rufe, na tura masa: *Na gode da gilashi. Yarinyar nan ta so ka.*

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ƙarshe abin da ya iso: *Allah Ya raya ta. Firam ɗin gilashin bai matse miki hanci ba?*

Mutumin da ke turo min saƙo mai tsawon wasiƙa a kan ruwan sama, yau layi ɗaya. Na shiga hotunansa ina ƙara girmansu. Goshinsa da nata. Kunnensa da nata. Duk inda na duba kama nake gani, har inda jiya babu. 'Yarsa ce, na ce a raina. Doguwar matar nan tsohuwar matarsa ce, ko ma ba tsohuwa ba. Gida daga shi sai kujeru, wai!

Washegari na tsaya a ofishin Dakta, ina murza bakin mayafina.

"Dakta, a ce... misali ne fa... yarinya ba ta kula uwarta, sai wani baƙo ya shigo ta yi masa duk abin da ra'in ya faɗa. Ai ubanta ne ko?"

Ta ajiye biro. "Karanto min inda ra'in ya ce uba."

Na buɗe littafina na duba, ban ga uba ba.

"Ra'in ya ce wannan mutumin ya yi renonta, ya tashi mata in ta yi kuka, ya daɗe yana yi. Nan ya tsaya. Uba kuma ke kika ƙara, daga aljihunki. Kuma matar, wa ya ce miki uwarta ce? Kin tambaya?"

Ban tambaya ba. Mace ta kawo yarinya, na rubuta uwa.

"Sannan gani ɗaya ba hujja ba ne. Wannan misalin naki yana da suna?"

"A'a, Dakta."

"Hmm. Gaishe shi."

Na fito kunya kamar ta kashe ni. Amma cikin duk maganarta, abin da zuciyata ta ɗauka guda ne: gani ɗaya ba hujja ba ne. To, a sake gani.

Na san lokacin da doguwar matar ke zuwa ɗaukarta. Ranar Laraba na tura masa: *Gilashin yana matse min bayan kunne, har kaina na ciwo. Za ka iya zuwa wurin aikina da la'asar?* Ƙarya nake, gilashin lafiyarsa ƙalau. Ya amsa: *In kawo miki gida mana?* Na ce a'a, nan. Ya ce to.

Na sa doguwar rigata toka, wadda nake sawa ranar jarrabawa. Na zauna a 'yar kujerar yara ina fuskantar ƙofa, gwiwoyina kusan a haɓata. Iyaye suka fara zuwa. Mai Tabarau ya shigo da ƙaramar jakar kayan gyara, a bayansa kuma, kamar na haɗa da hannuna, doguwar matar.

Alƙaliya ta ɗago. Ta wuce matar kamar ta wuce turke, ta faɗa jikinsa.

Matar ta cire waya daga kunne. "Kai? Me ya kawo ka nan? Ba mun yi da kai za ka ba mu lokaci ba?"

"Ban zo don ita ba, wallahi. Aiki ne ya..."

"Shi ya sa shekaranjiya ta ƙi cin komai! Na rasa me ya same ta!" Ta juyo gare ni, don ni ce a kusa, ba don ta san ni ba. "Baiwar Allah, ina iya ƙoƙarina. Na saya mata, na goya ta, na yi mata waƙa kamar mahaukaciya. Ko kallona ba ta yi. Da ta fara sakewa kaɗan sai ya bayyana, mu koma farko."

Matar da na rubuta wa shaƙuwa mai rauni ke nan, tana share ido da bayan hannu, katin aikinta na lilo. Ta miƙa hannu. Shi da kansa ya ɓamɓare yatsun yarinyar daga wuyan rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, yana ce mata "Yi haƙuri, uwata, yi haƙuri." Aka fita da ita tana miƙo hannu ta saman kafaɗa. Wannan kukan ni na shirya shi, don in ga sakamako. Ba a koya mana haka ba.

A waje, jikin katanga, ya miƙo hannu. "Kawo gilashin."

"Ba abin da ya yi."

"Na sani. Ni na auna shi." Ya jingina da bango. "Gwaji kika yi min. Da kin tambaye ni ai ya fi sauƙi a kanta."

"Da na tambaya da ka ce yara haka suke da kai."

Ya sunkuyar da kai. "'Yar ƙanwata ce. Ta rasu yarinyar tana jaririya. Mahaifiyarmu ba ta da ƙarfin reno, sai ya zama ni ne. Ni ke haɗa madara, a shago a bayan teburin ciniki take barci. Da ubanta ya sake aure ya zo ya ɗauke ta, haƙƙinsa ne. Suka roƙe ni in ja baya har ta saba da matarsa, wadda kika gani yanzu."

Ba 'yarsa ba ce. Na kusa yin murmushi. Sai dai na faɗa muku halina, sai na juya abu na duba ƙasansa.

"To abin ɓoyewa a nan mene ne? Wannan ai abin yabo ne."

Ya kau da fuska, ya ce:

"Na roƙi uban ya dawo min da ita. Kin ga ba ta sabo da su. Ya ce namiji shi kaɗai ba ya riƙon 'ya mace. In na yi aure, a yi magana."

Motoci na wucewa, wani na ta danna hon.

"Sai ga wata ta shigo shagonka tana karatun renon yara."

"Ba haka..."

"Da bai kafa maka sharaɗin nan ba, da ka zo gidanmu?"

Na so ya rantse. Na so ya yi fushi ma. Sai ya ce, a hankali, "Zuwan farko, a'a. Ba zan yi miki ƙarya sau biyu ba. Amma na biyu da duk na bayansa, ke na zo gani." Ya ɗago. "Kuma ban ɓoye wa gidanku ba. Na gaya wa Mama tuntuni."

Ban bari ya kai ni gida ba. A mota ina ta juya maganar. Duk littattafan da na haddace za su iya gaya min wanda yarinya ta riƙa a zuciyarta, don yaro bai iya ɓoyewa ba. Babba fa? Babba zai iya rugowa ya ƙanƙame ka alhali ƙofar bayanka yake kallo.

Na sami Mama a falo tana guga, mayafan da za a sa ranar baƙi jere a kan kujera.

"Kin dawo? Babanki yana hanya, ya ce yau yake son ji."

"Mama, tun yaushe kika san da yarinyar?"

Ba ta firgita ba. Ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa, ta kashe soket.

"Tun zuwansa na biyu. Ni na ce ya yi shiru."

"Ke? Don kada in ƙi shi?"

"Don kada ki karɓe shi." Ta ninke mayafin ta ɗora a cinya. "Ni na haife ki, Farfesa. Ke ce kika kawo min kyanwa mai ido ɗaya cikin jakar makaranta. Da kin ji akwai marainiya, da a ranar kin ce e, ko da shi kututture ne. Tausayi kuwa ba ya riƙe aure, yarinya za ta girma ta bar ku kuna kallon juna. So na yi ki kalle shi shi kaɗai tukuna, in ya so a kawo sauran."

"Amma shi don ita ya zo."

"Wannan tambayarsa ce, shi zai amsa ta. Ke ga taki." Ta kafe ni da ido. "Da kika shigo yanzu, na ga e a bakinki duk da fushin. Wa za ki ce wa e ɗin? Shi, ko ita?"

Na buɗe baki in ce shi. Sai na ga hannun nan ƙarami yana miƙowa ta saman kafaɗa. Na nemi fuskarsa shi kaɗai a raina, yadda nake ganinta makon jiya, na kasa raba ta da tata. Duk kwanakin nan shi nake zargi. Ban taɓa tunanin akwai wadda ya kamata in sa wa ido a cikin rigata ba.

Ƙofar gida ta yi ƙara. Baba ya yi sallama, ya zauna yana cire hula, ya dube ni da murmushi.

"To, uwar masu karatu. Me zan ce wa mutanen nan?"

Mama ba ta cece ni ba. Ta maida soket, ta ci gaba da gugarta.